Kafin a Damƙa Masa Makulli: Sharuɗɗan Shiga da Horon Sabon Ma'aikacin Gidan Kaso

A duk lokacin da aka buɗe konkur, wato jarrabawar gasa, na ɗaukar masu kaki, mutumin Damagaram ba ya buƙatar sanarwar rediyo kafin ya gane, domin layin samari a ƙofar jastis da ofishin magajin gari, da cunkoson da ake yi wajen masu fotokofi da masu ɗaukar hoto, sun isa shaida. Yawancin waɗannan samari burinsu soja ne, ko jandarma, ko ɗan sanda, ko duwan, kuma kaɗan ne ke fitowa daga gida da niyyar zama ma'aikacin gidan kaso. Wanda ya samu kansa a wannan aiki sau da yawa ƙofar da ta buɗe ce ya shiga, ba wadda ya ƙwanƙwasa ba. Wannan shi ya sa batun yadda ake zaɓar mutanen da yadda ake horar da su ya fi nauyi a nan fiye da sauran ayyukan kaki, saboda ana ɗaukar yaro mai shekara ashirin da 'yan kai a miƙa masa iko a kan barcin wasu, da cinsu, da shansu, da ganin iyalinsu, a bayan katangar da idon jama'a ba ya kaiwa.

Domin a fahimci halin da ake ciki a Nijar, sai an ɗan koma baya. A tsarin sarautun ƙasar Hausa, tsare mai laifi aikin fada ne, yana hannun Yari da dogarai. Bayan Faransawa sun kama Damagaram a 1899, suka mayar da ita cibiyar mulkinsu daga 1911 har zuwa 1926 da aka koma Yamai, sai kaso ya zama kayan aikin kumandan. Dokar 'yan ƙasa ta wancan zamani ta ba shi damar rufe mutum har kwana 15 ba tare da an je gaban alƙali ba, ba a kuma soke ta ba sai a 1946. Masu gadin kason su ne gardin kumandan, waɗanda kuma su ne ke karɓar haraji da tara mutanen aikin tilas. Bayan samun 'yancin kai a 1960, wannan gado ya faɗa hannun rundunar Garde Républicaine, wadda aka mayar FNIS a 1997, sannan Garde Nationale a 2010. Ta haka aka wayi gari da tsari mai kai biyu: gidajen kaso suna ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, amma masu riƙe da makullansu askarawa ne na ma'aikatar cikin gida, waɗanda horonsu na tsaron ƙasa ne, ana kuma iya ɗauke mutum daga gadin gidan gwamna ko rakiyar ayari a kai shi tsakar gidan kaso gobe da safe.

A ranar 31 ga Maris na 2017 aka kafa dokoki biyu da nufin gyara wannan: ɗaya ta shimfiɗa ginshiƙan tafiyar da gidajen kaso, ɗayar kuma ta ƙirƙiro rukunin ma'aikata na musamman, masu matsayinsu na kansu a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, waɗanda makarantar horar da ma'aikatan shari'a ta EFJN da ke Yamai ke da hannu a karatunsu. Sauyin bai kammala ba, kuma Garde Nationale na ci gaba da ɗaukar babban kaso na aikin gadi. Maƙwabta sun riga mu a wannan hanya. Burkina Faso tana da rundunar tsaron gidajen kaso ta kanta tun shekarun 1980, Najeriya kuwa tana da gandirobobinta tun zamanin Ingilishi, kuma a 2019 ta sauya wa hukumar suna zuwa ta gyaran hali. Saboda haka saurayin Birni ko Zango da ke tunanin wannan aiki yana da ƙofa biyu a gabansa: ko ya shiga Garde Nationale wata rana a tura shi kaso, ko ya nemi konkur na ma'aikatar shari'a ya zama aikinsa ke nan har ritaya.

Kowace ƙofa ya bi, matakin farko shi ne dosiye, kuma a nan ne da yawa ke faɗuwa tun ba a fara gudu ba. Takardun da aka saba nema a konkur na gwamnati su ne takardar neman aiki rubutun hannu mai ɗauke da timbir, da takardar haihuwa ko hukuncin kotu da ke tsaya mata, da takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da kaziye, wato takardar kotu mai nuna ko an taɓa yanke wa mutum hukunci, wanda bai wuce wata 3 da fitarwa ba, da kofin takardar kammala karatu da hukuma ta buga wa hatimi, da takardar likita. A baki abin da sauƙi. Amma yaron da aka haifa a wani ƙauye na Tanut ko Dungas, wanda ba a yi masa takardar haihuwa ba sai da zai zauna jarrabawa, yakan tarar sunan mahaifinsa a takardar BEPC ya bambanta da na takardar haihuwa da harafi ɗaya, ko shekarar haihuwarsa ta sha bamban, kuma gyaran wannan a kotu yana iya cin makonnin da suka fi wa'adin ajiye dosiye. Kaziye kuma daga kotun yankin da aka haifi mutum ake karɓo shi, ga shi da saurin mutuwa, don haka wanda ya yi gaggawar karɓa tun kafin a fitar da sanarwa yana iya sake biyan kuɗin mota zuwa Gure ko Magariya. Mai hankali yakan daidaita sunayensa da takardar ɗan ƙasa tun babu labarin konkur, ya bar kaziye da takardar likita zuwa ƙarshe.

Iyakar shekaru, da matakin karatu, da tsawon jiki, sanarwar kowane konkur ce ke yanke su, kuma ita ce abin dogaro, ba maganar fada ba. Tsarin da aka gada dai a bayyane yake: matakin ƙasa, na masu tsaron ɗakuna da tsakar gida, ana shigarsa da ƙaramar takarda, masu kula da su ana neman karatu mai zurfi kaɗan, masu shugabancin gida da tsara aiki kuwa sai da takardar jami'a, abin da ya buɗe hanya ga waɗanda suka fito daga Jami'ar André Salifou. A Najeriya, alal misali, hukumar da ke ɗaukar gandirobobi takan nemi namiji ya kai mita 1.65 mace kuma mita 1.60. Bayan takardu sai gwajin jiki da gudu, da binciken likita na ido da kunne da ƙirji da jini, da rubutacciyar jarrabawa, sannan binciken hali da jami'an tsaro ke yi a unguwar mutum.

A ganina, a nan ne ma'aunin ya karkace. Tsawo da gudu suna da sauƙin aunawa, shi ya sa ake ba su muhimmanci, amma ba su ne abin da aikin ya fi ci ba. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, waɗanda aka fara tsarawa a 1955 aka sabunta su a watan Disamba na 2015 da sunan Nelson Mandela, sun ƙunshi ƙa'ida 122, kuma ta 74 ta ce kyakkyawan tafiyar gidan kaso ya rataya ne a kan amanar ma'aikaci, da tausayinsa, da ƙwarewarsa, da dacewar halinsa da aikin. Babu ɗaya daga cikin huɗun nan da igiyar awo ke kamawa. Binciken hali ne ya kamata ya kama su, sai dai idan ya tsaya ga tambayar mai unguwa ko yaron ya taɓa sata, to bai gano mai saurin hannu ba, bai gano wanda tramol ya riga ya kama ba, bai kuma gano wanda bashi ya yi wa katutu har zai sayar da makulli ba. Tattaunawa ta baki da ƙwararru, inda za a ɗora wa mai neman aikin wani yanayi a ji yadda zai warware shi, ta fi ƙarin zagaye biyu a filin wasa amfani. Haka kuma sa hannun manya a jerin sunayen waɗanda suka ci ya fi yin ɓarna a wannan aiki, domin wanda aka shigar ta bayan gida ya fara aiki da bashin alheri a wuyansa, kuma wata rana mai bashin zai aiko da sunan wani ɗan kaso.

Akwai kuma sharaɗin da ba a cika rubutawa ba alhali ƙa'ida ta 80 ta ambace shi, wato ma'aikata su iya harshen da mafi yawan 'yan kaso ke ji. A jihar Damagaram Hausa ce kan gaba, amma ɗaki ɗaya yana iya haɗa Babarbare, da Bafulatani, da Buzu, da Tubawa, da baƙon da aka kamo a hanyar Agadas. Kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, sai dai takardun kotu da rajistocin kaso da Faransanci ake cika su. Ke nan ana bukatar mutum mai hannu biyu, wanda zai karanta takardar alƙali daidai, ya juyo ya bayyana wa makiyayin da bai taɓa shiga aji ba abin da aka rubuta a kansa.

Wanda ya tsallake duk wannan sai ya shiga horo, kuma kashin farko na soja ne: aski, fareti, gudun asuba, biyayya ga na gaba, harbi da kula da bindiga, da dabarun kame mutum ba tare da makami ba. Babu mai musun amfanin wannan a ƙasar da ta ga abin da ta gani. A ranar 1 ga Yuni na 2013 an yi harbe-harbe a gidan kason Yamai, aka kashe masu gadi, fursunoni sama da 20 suka tsere. A watan Oktoba na 2016 'yan bindiga sun kai hari gidan kason Kutukale mai tsananin tsaro aka fatattake su, a watan Yuli na 2024 kuma aka samu tarzoma da tserewa a can. A ƙetaren iyaka, harin gidan kason Kuje a Najeriya na Yulin 2022 ya nuna abin da ke faruwa idan katanga ta faɗi. Gidan kaso a yankin Sahel yana bukatar masu iya kare shi daga waje. Matsalar tana tasowa ne idan aka ɗauka wannan kashi shi ne horon gaba ɗaya, domin ƙa'ida ta 82 ta ce, in ba a wani yanayi na musamman ba, ma'aikacin da ke cuɗanya kai tsaye da 'yan kaso bai kamata ya riƙe makami ba. Dalilin a fili yake: bindiga ɗaya a tsakiyar mutum ɗari ta fi kusa da zama tasu fiye da ta mai ita. Saboda haka mafi yawan sa'o'in aikinsa, sabon ma'aikaci zai yi su ne da makulli, da alƙalami, da bakinsa.

Kashi na biyu shi ne doka da rajista, kuma shi ne wanda ɗalibai suka fi raina wa alhali shi ya fi kai ma'aikaci gaban alƙali. A ɗauki karɓar sabon ɗan kaso. Motar jandarma ta tsaya a ƙofa da yamma, an sauko da mutum uku. Abu na farko da ake koya wa ma'aikaci shi ne kada ya kalli mutanen tukuna, ya kalli takarda: shin akwai umarnin tsarewa mai sa hannun alƙali da hatimi ga kowane ɗaya, sunan da ke ciki shi ne na wanda ke tsaye, kwanan wata daidai ne? Idan biyu ne ke da takarda, na ukun ba ya shiga, ko da wanda ya kawo shi ya girme shi a muƙami, ko da an ce takardar tana tafe gobe, domin rufe mutum ba da umarnin shari'a ba laifi ne da ke kan wanda ya rufe. Daga nan sai a rubuta shi a babbar rajista, da ranar shiga da sa'a da dalili da hukumar da ta aiko shi, a ƙirga kuɗinsa da wayarsa da sauran kayansa a gabansa a rubuta, a duba jikinsa, in akwai rauni ko kumburi a rubuta tun a ƙofa kafin gobe a ce a ciki ya same shi, a tambaye shi wanda za a sanar, a kuma haɗa shi da ma'aikacin lafiya da wuri. Wannan rajista ita ce ke nuna ranar da wa'adin tsarewar jiran shari'a zai cika da ranar da mai hukunci zai fita. A ƙasar da rahotanni suka sha nuna cewa fiye da rabin 'yan kaso ba a yanke musu hukunci ba, ma'aikacin da ya iya lissafin wa'adi, ya kuma san lokacin da zai tunatar da shugaban gida a rubuta wa mai shigar da ƙara, yana rage cunkoso fiye da sabon ɗaki. Damagaram mazaunin kotun ɗaukaka ƙara ce, don haka dosiyoyin da ke jiran juyi na biyu ba baƙi ba ne a nan.

Sai batun ƙarfi da ladabtarwa. Abin da ake koyarwa a taƙaice shi ne, ana amfani da ƙarfi ne kawai don kare kai, ko hana tserewa, ko a kan wanda ya bijire wa umarnin da ke bisa doka, kuma gwargwadon bukata, sannan a kai rahoto ga shugaban gida nan take. Mari don an yi wa ma'aikaci kallon banza ba ya ciki. A ƙa'idojin Mandela, sarƙa da mari na ƙarfe a ƙafa haramun ne, haka hukunta ɗaki guda saboda laifin mutum ɗaya, haka rage wa mutum abinci ko ruwa da sunan horo, haka rufe shi a ɗaki mai duhu. Keɓe mutum shi kaɗai na sa'a 22 ko fiye a yini, idan ya wuce kwana 15 a jere, ya shiga abin da aka hana. Nijar ta shiga yarjejeniyar hana azabtarwa a 1998, kuma a ƙarƙashinta cewa na gaba ne ya ba da umarni ba ya wanke wanda ya aikata. Wanda ke ganin waɗannan ƙa'idoji kayan Turawa ne ya tuna da farkon watan Satumba na 1999, lokacin da fursunoni 29 suka mutu a gidan kason Yamai bayan an cusa su a ƙaramin ɗakin da iska ba ta shiga. Ba harsashi ne ya kashe su ba; ƙofa aka rufe, aka ƙi buɗewa. Kwanaki kaɗan bayan haka, a ranar 3 ga Satumba, aka sa hannu a dokar da ta daɗe tana tsara zaman cikin gidajen kason ƙasar. Duk ɗalibin da zai yi aiki a garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40 ya kamata a karanta masa wannan labari kafin a nuna masa yadda ake murɗa makulli.

Abin da ya fi wuyar koyarwa a aji shi ne abin da ƙa'ida ta 76 ta sa a gaba, wato tsaron da ke fitowa daga sanin mutane. Katanga da ƙofa tsaro ne, ƙirga da bincike tsaro ne, amma ma'aikacin da ke yawo a tsakar gida, ya san sunan kowa, ya san wanda aka ɗage shari'arsa jiya, da wanda matarsa ta daina zuwa, da wanda ya bar cin abinci, da samarin unguwanni biyu da ke da tsohuwar gaba tun daga waje, shi ne ke jin ƙanshin tarzoma kwana biyu kafin ta tashi. A Damagaram, inda rikicin ƙungiyoyin samari na palais ya daɗe yana kai yara kaso, sanin wanda ba za a kwantar da shi ɗaki ɗaya da wane ba ilimi ne da ke hana zubar jini. Ƙirgar safe da ta yamma ma ba lissafi kaɗai ba ce. Ana koya wa ma'aikaci ya ga fuska ko motsin kowane mutum, kada ya ƙirga bargo, kada kuma ya karɓi adadi daga bakin wani.

Wannan wani kuwa, a yawancin gidajenmu, shi ne sarkin 'yan kaso. Inda ma'aikata suka yi kaɗan mutane suka yi yawa, hukuma takan jingina da wasu daga cikin fursunonin su raba wurin kwana, su tsara shara da rabon tuwo, su sasanta faɗa. Ƙa'ida ta 40 ba ta hana a ba 'yan kaso wasu ayyukan tafiyar da zamansu ba, amma ta hana a ba ɗayansu ikon hukunta ɗan'uwansa. Tsakanin biyun nan tazarar ba ta da faɗi, kuma sabon ma'aikaci zai tarar sarki ya fi shi sanin gidan, ya fi shi shekaru, wani lokaci ma ya fi shi kuɗi. Idan horo bai shirya shi ba, cikin wata kaɗan zai koma mai riƙe wa sarki makulli, wurin kwana kusa da taga ya zama na sayarwa, marar galihu kuma ya kwana a bakin bokitin bayan gida.

Gwajin amana na yau da kullum a ƙofar ziyara yake. Abincin da gwamnati ke bayarwa ba ya wadatarwa, don haka kwanukan gida ke riƙe da mutane da yawa, kuma kowane kwano sai an bincika: a soka tuwo da cokali, a fasa curin fura, a juya miya, a duba ƙasan kula, saboda ta nan ƙwaya da waya da reza ke shiga. Sai ga dattijuwa ta taso tun daga Mirya, ta dubi ma'aikacin ta ce, “Ɗana, kai ba jikan Malam ba ne na bayan masallaci? Ƙanenka ne a ciki, ka bar ni in ba shi da hannuna.” Ta kuma dunƙule 'yar jaka guda tana tura masa. Amsar da ake so ya iya ita ce wadda ba ta karya doka ba, ba ta kuma wulaƙanta tsohuwa ba: “Inna, ki mayar da kuɗinki, ganin ɗanki ba a biya. Kwanon kuwa sai na duba shi a gabanki kamar na kowa, in na gama ki shiga.” Wannan jimla ba ta zuwa da kanta ga yaron da aka yi wa tarbiyyar kada ya musa wa babba. Sai an maimaita ta a horo, ɗalibi ya tsaya a matsayin mai ziyara wani a matsayin mai gadi, har ta zauna a baki. Kuma wanda ya karɓi jaka guda yau don ya kau da kai daga kwano, gobe ɗan kason ne ke riƙe da shi, domin ya san abin da zai faɗa wa shugaban gida. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa a tura ma'aikaci nesa da garinsu, kuma mai shiga aikin ya sa a ransa cewa Bilma ko Ngigmi ko Tilaberi duk wurin aiki ne.

Kiwon lafiya yana da nasa kashi, ko da yake ma'aikacin tsaro ba likita ba ne. Ana so ya iya taimakon gaggawa, ya gane tarin da ya wuce mako biyu wanda ke iya zama tarin fuka, ya gane zawo da aman da ke iya zama kwalara, da sanƙarau a lokacin zafi, da ƙazuwa, da alamun taɓin hankali ko na mai niyyar hallaka kansa, musamman a kwanakin farko na shiga da bayan yanke hukunci. Ba shi ne zai yanke wanda ya cancanci ganin likita ba; aikinsa ya kai. Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ta duniya, CICR, tana ɗaukar lita 10 zuwa 15 na ruwa a yini a matsayin mafi ƙarancin abin da ɗan kaso ke bukata, kuma duk wanda ya zauna a Damagaram ya san abin da wannan adadi ke nufi idan famfo ya ɗauke kwana uku. Ma'aikacin ma iskar ɗakin yake shaƙa, ya kuma koma da ita gida wurin 'ya'yansa.

Mata da yara suna da ƙa'idoji na daban. Sashen mata yana hannun ma'aikaciya mace, ita ke riƙe da makullansa, namiji ba ya shiga sai da rakiyarta, kuma mace ce ke binciken jikin mace. Ƙa'idojin Bangkok na 2010, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara kan mata fursunoni, sun ƙara bayani kan masu ciki da masu goyo, kuma ba a ɗaure mace a lokacin naƙuda ko haihuwa. Yara kuma ana raba su da manya. Duk wannan ba ya yiwuwa sai an ɗauki mata aikin da yawan da zai isa a yi juyin dare da rana, abin da ke bukatar iyaye a nan su daina ganin aikin a matsayin wanda bai dace da 'ya mace ba.

Tsawon horon ya bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma yana nuna yadda kowace ke kallon aikin. A ƙasar Norway shekara 2 ake yi ana karatu ana biyan ɗalibi albashi, a wasu wurare kuwa, har da sassan Amurka, makonni ne kawai. Faransa tana da makaranta guda ta wannan aiki a garin Agen, inda ake haɗa zaman aji da zuwa gidajen kaso. Ƙa'ida ta 75 ba ta yanke adadin watanni ba, amma ta ce a yi horon kafin fara aiki, kuma wanda ya ci jarrabawar ƙarshe ta rubutu da ta aiki ne kaɗai za a bari ya shiga. Wannan sharaɗi yana da ma'ana ne idan ana iya faɗuwa. Makarantar da duk wanda ya shiga sai ya fito da kaki ta mayar da jarrabawar al'ada.

Raunin da ya fi yawa yana zuwa ne bayan makaranta, a watannin gwaji. Sabon ma'aikaci yakan iso da littafinsa, tsohon hannu ya ce masa ya ajiye wannan, a nan ga yadda ake yi. Idan wanda aka haɗa shi da shi mutumin kirki ne, ya samu malami na biyu. Idan akasin haka ne, karatun wata da watanni ya rushe cikin mako. Saboda haka zaɓen waɗanda za su riƙe sababbi a gidajen Damagaram, da Magariya, da Matamai, da Gure, da Tanut, da horar da su kansu tsofaffin, bai kamata a bar shi ga sa'a ba. Haka batun albashi, wanda ƙa'ida ta 74 ta ce ya zama mai isar da zai jawo mutanen kirki ya kuma riƙe su, tare da matsayin ma'aikacin gwamnati na dindindin. A lokacin da ake cikin sauyi, inda askarawan Garde Nationale da sababbin ma'aikatan shari'a za su yi aiki a gida ɗaya, abin da ya fi bukatar a rubuta shi dalla-dalla shi ne rabon aiki: wa ke da katanga da hasumiya da rakiyar fursuna zuwa kotu ko asibiti, wa ke da tsakar gida da rajista da makullan ɗakuna, kuma idan ƙararrawa ta kaɗa da tsakar dare, umarnin wa za a bi.